Ɗan uwa, kafin ka shiga gyaran gidan da ruwa ya ci, karanta wannan

'Yan uwana 'yan ci-rani na Greensboro da High Point da Winston-Salem da Burlington, da duk wanda rubutun nan ya iske a wani gari na Amurka, barkanmu da aiki, barkanmu da haƙuri.

Magana ce a kan aikin gyaran ginin da ruwa ya ɓata. Rubutun da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe. Ni lebura ne kamar ku, allo da firamare na yi, amma na daɗe ina fasa bango da kwasar shara a gidajen nan, kuma abin da ido ya gani ya isa a faɗa wa ɗan uwa.

Aikin nan halal ne, akwai kuɗi a ciki, ban ce kowa ya bari ba. Abin da nake cewa shi ne kar ka shiga da hanci a buɗe. Mu da muka baro gida ba mu zo da gona ko shago ba, numfashinmu da ƙarfin jikinmu su ne jarinmu. Duk wanda ya ɗauke ka fasa bangon da ya yi fumfuna bai ba ka kayan kariya ba, to jarin nan naka yake ci, kuma ranar da ka kwanta wani zai kira a madadinka.

Aikin kuma ba ƙarewa zai yi ba. Kun tuna sanyin Kirsimeti na 2022 da ya fasa famfuna a gidaje da makarantu. Kun tuna guguwar Helene a ƙarshen Satumba 2024, da kogin French Broad da na Swannanoa suka cinye sassan Asheville, mutum sama da 100 suka rasu a jihar nan. A Yuli 2025 kuma Chantal ta cika kogin Haw da na Eno, ruwa ya shiga gidaje da shaguna a Chapel Hill da yankin Alamance, nan maƙwabtanmu. Ko babu guguwa, bi Gate City Boulevard tun daga wajen jami'ar UNCG, ka wuce Coliseum har Four Seasons, ka dubi tsofaffin otal-otal da shaguna da gidajen haya da ke nan tun titin yana High Point Road da Lee Street. Rufi na yoyo, famfo na fashewa, masai na toshewa ya dawo da abin da ke ciki. Waya za ta yi ƙara a ce ana neman mutum huɗu gobe da asuba, kuma mu ne za mu je.

GIDAN NAN BA IRIN NAMU BA NE

A Maradi ko Katsina, in ruwa ya shiga ɗaki, bulo ne da siminti ko jar ƙasa. Ka kwashe ruwan, ka buɗe ƙofa da taga, ka shanya tabarma da katifa, rana ta yi aikinta, in hunturu ya zo ya ƙarasa. Wannan sanin ne muka taho da shi, kuma a nan yana yaudararmu.

Gidan Amurka katako ne. An rufe shi da allon shitrok mai fuskar takarda, an cusa audugar bango a tsakiya, an shimfiɗa kafet da soso a ƙasa, an toshe ko'ina don kar sanyin na'ura ya fita. Takarda da katako kuwa abincin fumfuna ne. Hukumomin lafiya na ƙasar nan sun ce abin da ya jiƙe, in bai bushe cikin awa 24 zuwa 48 ba, fumfuna na iya fara tsiro a kansa. Mu kuwa yaushe ake kiranmu? Sai an gama rigima da inshora, bayan sati biyu ko wata guda. Ka taɓa bangon ka ji a bushe, fenti fes, amma ka sa guduma ka buɗe, sai ka ga bayansa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ga damshin rani na Karolina ta Arewa, ga ramin ƙarƙashin gida da ake shiga da rarrafe, inda rana ba ta taɓa leƙawa.

Fumfuna na haihuwa da wani iri mai ƙanƙanta wanda ido ba ya gani. Muddin bangon na tsaye, kaɗan ne ke tashi. Lokacin da ka fasa, ka ja kafet, ka sa tsintsiya, a nan ne yake cika ɗakin. Mai gida ya tafi otal, ma'aikacin inshora ya ɗauki hoto na minti goma ya fita, oga na cikin mota yana waya. Wanda ke tsaye cikin ƙurar awa takwas yana haki, kai ne.

TAMBAYI RUWAN DAGA INA YA FITO

Masu wannan sana'a sun raba ruwa gida uku, kuma ya kamata kowane lebura ya sani. Na ɗaya ruwa mai tsabta, kamar famfon sha da ya fashe. Na biyu mai ɗan datti, kamar na injin wanki. Na uku shi suke kira baƙin ruwa: na masai, na kwata, da duk ruwan ambaliya da ya shigo daga kogi ko titi. Kuma ruwa mai tsabta ma, in ya kwana biyu uku a kwance cikin zafi, ya tashi daga mai tsabta.

Baƙin ruwa ba sai ya yi baƙi a ido ba. A cikinsa akwai ƙwayoyin cutar gudawa da amai, da ciwon hanta nau'in A. Akwai wata cuta da ake ɗauka daga fitsarin ɓera da dabbobi, likitoci na ce mata leptospirosis. Tana shiga ta 'yar yanka a hannu ko ƙafa, ko ta ido da baki, ta zo da zazzaɓi da ciwon ƙwauri da jan ido, wani har idonsa ya yi rawaya kamar shawara. In an gano da wuri tana da magani, in an yi sakaci tana taɓa ƙoda. Ga tsohuwar ƙusa cikin laka, ita kuma tetanus take kawowa. Allurar rigakafinsa duk shekara 10 ake sabuntawa, in kuma raunin mai datti ne kuma ta wuce shekara 5, a sake. Tsakani da Allah, mu nawa ne muka san ranar da aka yi mana ta ƙarshe? Je sashen lafiya na gundumar Guilford ka tambaya.

Ginin da ya daɗe a rufe, musamman otal, ruwan da ya kwanta cikin bututunsa na iya tara ƙwayar Legionella. Ita ba shan ruwan ne matsala ba, shaƙar feshinsa ne, kuma ciwon huhu mai tsanani take sawa.

BA KOWANE ZAZZAƁI NE MALERIYA BA

Wannan wajen don Allah a kula. Mutum ya wuni cikin ƙurar fumfuna, ya dawo gida lafiya, bayan wasu awanni cikin dare sai sanyi ya kama shi, jiki na ciwo, ƙirji ya ɗaure, ga tari. Mu da muka tashi da zazzaɓin cizon sauro nan take za mu ce maleriya ce ta motsa, a sha Tylenol, a haɗa citta da lemun tsami, gobe a koma. Alhali huhu ne ke faɗa da abin da aka shaƙa. Ga alamar da za ka gane: in ka huta Asabar da Lahadi ka ji sauƙi, ka koma aiki Litinin abin ya dawo, to ciwon daga wurin aiki yake. In aka yi ta maimaitawa wata da watanni, wani asma ce za ta kama shi, wani kuma huhunsa ya yi tabon da ba ya gogewa.

Akwai waɗanda bai kamata su shiga irin wannan gini ba sam: mai asma, mai ciwon suga da bai daidaita ba, mai shan maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki, mace mai ciki, da wanda ya taɓa yin tarin fuka ko da ya warke tuntuni. Tarin fuka kan bar rami a huhu, kuma akwai wata fumfuna mai suna Aspergillus da ke shiga ramin ta yi gida, har mutum ya fara tarin jini. Da yawa cikinmu sun yi wannan ciwo a gida suna ɓoyewa don kunya. Ba sai ka faɗa wa kowa ba, amma kai ka sani, ka nemi aikin waje.

In za ka ga likita, kar ka tsaya a “ina tari”. Ka ce masa aikin rushe bangon da ruwa ya ci kake yi, ka faɗi kwana nawa, ka nuna hoto. Ka nemi tafinta na Hausa ko Faransanci, asibiti ne ke da alhakin samo shi, ba kai za ka biya ba. In numfashi ya gagara, ko ka ga jini a tari, ko rauni ya kumbura yana zafi, tafi sashen gaggawa kai tsaye. Dokar ƙasar nan tun 1986 ta hana su kore ka don ba ka da inshora ko takarda.

MENE NE KAYAN KARIYA NA GASKIYA?

Shuɗin takunkumin nan na zamanin korona ba ya tare fumfuna, iska ta gefe take shiga. Rawani ko tsumma a hanci ma haka. Mafi ƙaranci shi ne N95, wanda aka rubuta NIOSH a jikinsa, mai igiya biyu da ke zagaya ƙeya, ba mai rataya a kunne ba. Ka matse ƙarfen hancin, ka rufe da tafin hannu ka hura. In ka ji iska na fita ta gefe, bai zauna ba. In ya jiƙe da gumi ko ya yi datti, jefar ka sa sabo.

Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ba da ma'auni, ni kuma ga yadda nake auna shi. In fumfunar ba ta fi faɗin dardumar sallah ɗaya ba, wato kamar murabba'in ƙafa 10, N95 da safar hannu da tabarau marar huji sun isa. In ta fi haka, har zuwa faɗin allon shitrok uku, wato kusan murabba'in ƙafa 100, gara takunkumin roba mai matata biyu ta P100, da rigar leda ta yarwa, a kuma rufe ƙofar ɗakin da leda. In ta wuce nan, aikin ƙwararru ne masu takunkumin da ke rufe fuska duka da injin tace iska. In oga ya tura ku huɗu da guduma da jakar shara cikin irin wannan gini, ku san ba a yi muku adalci ba.

Sai maganar gemu, kuma na san wajen da ƙaiƙayi. Takunkumi na aiki ne in ya manne da fata, gashi kuwa na buɗe masa hanya. Ni ba zan ce wa kowa ya aske sunnarsa ba, wannan tsakaninka da malaminka ne. Amma kar ka yaudari kanka cewa ka tsira don ka ɗora N95 a kan cikakken gemu. Akwai irin hular da ke rufe kai gaba ɗaya, mai ɗan inji da batir da ke turo iska mai tsabta, ita ba ruwanta da gemu, sai dai tsada. Ka nemi kamfani ya ba ka ita, ko a ba ka aikin waje.

Sauran ƙa'idoji a taƙaice:

1. A kashe wutar gidan kafin ka taka ruwa. A kashe na'urar sanyi da ɗumi, kar ta kwashi ƙurar ta raba wa sauran ɗakuna.
2. Kar ka kunna fanka a kan bango mai fumfuna, kar ka yi sharar bushe. A ɗan yayyafa ruwa, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a zuƙe da injin shara mai matatar HEPA.
3. Kafet, soso, katifa, audugar bango da shitrok da baƙin ruwa ya jiƙa, shara ne. A ɗaure cikin leda mai kauri kafin a fito da su.
4. Bilic, wanda mutanen Nijar ke ce wa jabel, kofi ɗaya cikin galan ɗaya na ruwa ya isa, kuma taga a buɗe. Kar ka taɓa haɗa shi da ruwan goge gilashi mai amoniya ko da binega, hayaƙin da ke tashi na iya kashe mutum, kuma N95 ba ya tare hayaƙi. Lambar masu ba da shawara kan guba ita ce 1-800-222-1222.
5. Janareta a waje, nesa da ƙofa da taga aƙalla ƙafa 20. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari.
6. Gidan da aka gina kafin 1978 yana iya samun fenti mai dalma. Mu da muka ji abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Tsofaffin tayil da silin da naɗin bututu kuma na iya ɗauke da asbestos, wanda ke jawo kansar huhu bayan shekaru masu yawa. Tambayi shekarar ginin kafin ka fasa.

Kar ka ci abinci, ko goro, ko ka sha shayi a cikin ginin. In lokacin sallah ya yi, fita waje, ka wanke hannu da sabulu sosai tukuna, don alwala na kai ruwa baki da hanci da ido. Ka tanadi ruwan gora na alwalarka, ka yi sallah a waje a kan abin da ka zo da shi.

KAR KA KAI WA IYALI

Kayan aikinka su tsaya a bakin ƙofa cikin leda, a wanke su daban da ruwan zafi. Ka yi wanka kafin ka ɗauki yaro. Mu da muke kwana biyar shida a gida ɗaya, mutum ɗaya ya shigo da takalmin masai ya taka kafet ɗin da ake sallah a kai, ya raba wa kowa.

Sai kuma kwaɗayin kayan banza. Mai gida ya ce ga kujeru da katifa, wanda ke so ya ɗauka. Wallahi na ga ana loda irin waɗannan a mota, wasu ma har a kwantena a tura Kwatano ko Lome. Katifar da ta sha ruwan ambaliya, ta yi sati shida a rufe cikin ƙarfe a kan teku, ita za ka aika wa mahaifiyarka ta kwanta a kai? Ƙarfe da gilashi da tukwane ana wankewa su yi. Abin da ke shan ruwa kuwa a bar wa bola.

“IN NA YI MAGANA ZA A KORE NI”

Na san wannan tsoron, kuma ba tsoron banza ba ne. Akwai haya, akwai kuɗin makarantar yara a gida, waya kullum na ƙara. Amma bari mu yi lissafi. Takunkumin roba mai kyau da matatarsa bai kai ladan yini ɗaya ba. Kwana ɗaya a gadon asibitin Amurka kuwa na iya cinye abin da ka tara a watanni. Wanne ya fi araha?

Kuma doka ba ta bar mu haka kawai ba. In aiki na buƙatar takunkumi da safar hannu, mai aikin ne zai saya, ba a cire maka daga albashi. A jihar nan ma'aikatar ƙwadago ce ke kula da lafiyar wurin aiki, lambarsu 1-800-625-2267, kuma kana iya neman a ɓoye sunanka. In aka kore ka don ka kai ƙarar rashin kariya, akwai dokar jiha da ake kira REDA, kana da kwana 180 ka shigar da koke. Duk mai ma'aikata 3 ko fiye, wajibi ne ya yi inshorar raunin aiki, kuma dokar ta ambaci baƙi a fili, ko da takardar aiki ko babu. In ka ji rauni, sanar da oga a rubuce cikin kwana 30, ka cike Fom 18 na hukumar Industrial Commission, kar ka bari shekara 2 ta wuce.

Dabarar da wasu ke yi ita ce su biya ka kuɗi a hannu ko su ba ka takardar 1099, su ce kai ma ɗan kwangila ne, ba ruwansu da kai. To in shi ke sa maka lokaci, shi ke nuna maka abin yi, kayan aiki nasa ne, ba bakinsa ne zai yanke hukunci ba, hukuma na duba yadda aikin yake a zahiri. Don haka ka riƙa ajiye shaida: adireshin wurin, ranaku, awanni, sunan kamfani a jikin mota, hoton bangon, saƙonnin waya. Wanda matsalar takarda ke damunsa, ya fara zuwa wajen masu taimakon baƙi irin su FaithAction ko African Services Coalition a nan Greensboro, su haɗa shi da lauya kafin ya ɗauki mataki.

Abin da ya fi duk wannan aiki shi ne haɗin kai. Akwai wani ɗan kwangila da ya taɓa kai mu wani gidan haya, ya miƙo mana shuɗin takunkumi, ya ce mu shafe baƙin bangon da fenti kawai don masu haya na shigowa sati mai zuwa. Mu huɗu muka ajiye kaya muka zauna a inuwa. Ya yi faɗa, ya yi waya, ƙarshe ya shiga mota ya je ya sayo abin da muka nema. Da mutum ɗaya ne ya yi magana, da ya sallame shi. Fenti kuwa ba ya kashe fumfuna, rufe ta kawai yake yi, kuma wa ke kama irin waɗannan gidaje masu araha? Mu ne dai, da matanmu da 'ya'yanmu. Ha'inci ne, kar hannunka ya shiga ciki.

Wani zai ce ai mun sha ƙurar hunturu ba mu mutu ba, kuma ajali ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne rai na hannun Allah. Amma tun muna makarantar allo aka koya mana cewa jiki amana ne, kuma riƙon sababi ba ya warware tawakkali. Kai da kake kulle motarka, kake sa kalmar sirri a wayarka, huhunka ne za ka bari a buɗe? Bayan guguwar Katrina a 2005, baƙi 'yan ci-rani da yawa ne suka share New Orleans, har tarin da ya addabi mutane a lokacin aka sa masa sunan guguwar. Birnin ya tashi, su kuwa leburorin kowa ya tafi da ƙirjinsa.

'Yan uwa mata masu aikin goge-goge a otal da gidaje, maganar nan har da ku. In an ce ki share ɗakin da masai ya malala ko bango ya yi baƙi, ki nemi safar hannu doguwa da N95 da takalmin roba, kuma ki buɗe taga.

Saboda haka gobe in an kira ka, yi tambaya uku tun a waya. Ruwan daga ina ya fito? Kwana nawa ya yi? Wane kayan kariya za a ba mu? Mai gaskiya zai amsa ba tare da fushi ba. Wanda ya ce “kai dai ka zo”, ya riga ya ba ka amsa. Manyanmu da suka daɗe a garin nan, don Allah in sabon yaro ya sauka, kafin ku nema masa aiki ku sa masa kwalin N95 a jaka, ku nuna masa yadda ake sawa. Limamanmu da shugabannin ƙungiyoyi su ma su taɓa maganar bayan sallar Juma'a.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma juya shi da Zabarmanci da Fulatanci ga 'yan uwa. Allah ya ba mu halal mai albarka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya maida mu gida da ƙafafunmu da numfashinmu. Amin.